Ramar Tsoho Saƙo Ce: A Riƙa Ɗora Iyayenmu a Kan Sikeli

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san cewa mutanenmu gwanaye ne wajen awo. Shiga kara ka dubi dillali. Kafin ya buɗe baki ya yi tayi sai ya zagaya sa, ya dafa tozo, ya shafa gadon baya, ya matsa cinya, nan take ya gane ko an yi kiwon da gaske ko kuwa ruwa aka cika wa dabba ciki. Koma wajen masu sayen riɗi da zoɓo, za ka tarar da sikeli a rataye, kuma ba manomin da zai yarda a ɗaga buhunsa sai ya ga inda allura ta tsaya. A gida ma haka abin yake. Maigida ya san dami nawa ya rage a rumbu, mai jego kuwa ba ta wasa da ranar awo, domin ta san idan nauyin jariri ya tsaya ko ya koma baya, to akwai abin da ke damunsa.

Amma a wannan ƙasa ta masu awo akwai mutum guda da ba wanda yake aunawa, wato tsoho. Mai karatu, tambayi kanka: kilo nawa kakarka take bara war haka, kuma kilo nawa take yanzu? Da wuya a sami gida ɗaya cikin ɗari, daga Gumel zuwa Gagarawa, daga Sule Tankarkar zuwa bakin iyaka, da zai iya amsa wannan tambaya. Idan muka ga rigar Baba ta yi masa yawa, ko awarwaron Inna ya fara zamewa daga hannu, sai mu ce ai tsufa ce, mu wuce. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, wannan sakaci ne da ya kamata mu daina. Ramar da ta zo wa tsoho ba tare da wani dalili bayyananne ba saƙo ce daga jiki, kuma binciken kimiyya ya nuna cewa wani lokaci saƙon daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, shekaru kafin a ga alamar mantuwa ko ruɗewa.

Mene ne gigin tsufa?

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan larura, shi ya sa ya yi mata suna: gigin tsufa, ko ruɗewar tsufa. Sai dai sunan da kansa ya ɓatar da mu, domin ya sa muna zaton duk wanda ya tsufa dole ya ruɗe. Ba haka ba ne. Kowane ƙauye yana da dattijon da ya haura tamanin amma har yanzu shi ake kira idan an yi jayayya a kan iyakar gona, saboda ya san wanda ya dasa kowace bishiya. Mantuwar tsufa ta al'ada ita ce mutum ya manta inda ya ajiye carbinsa, can an jima ya tuna. Gigi kuwa shi ne ya manta hanyar masallacin da ya yi shekara arba'in yana zuwa, ko ya kasa lissafin canjin da a da yake yi ido rufe, ko tsohuwa ta ɗora tukunya ta manta abin da ake zubawa a ciki. Wannan cuta ce da ke kashe ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa sannu a hankali.

Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ake kira cutar Alzheimer, sunan wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda ya fara bayyana ta a shekarar 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan nau'i shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu larurar. Wani nau'in kuma yana samuwa ne daga lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, kamar bayan shanyewar ɓarin jiki. Hukumar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da gigin tsufa a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ke nan ba ciwon Turawa ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka.

Abin da aka gano a Nijeriya

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu sami hujja. A shekarar 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun, suka haɗa gwiwa da takwarorinsu na Jami'ar Indiana ta Amurka, irin su Farfesa Hugh Hendrie, suka fara bin diddigin lafiyar tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama a wurare biyu: Yarabawa mazauna cikin garin Ibadan, da baƙaƙen fatar Amurka mazauna birnin Indianapolis. Bayan 'yan shekaru sai a koma wa mutanen nan, a gwada tunaninsu, a auna nauyinsu. A shekarar 2011 Farfesa Adesola Ogunniyi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bin tsofaffin Ibadan na tsawon shekara 10. Abin da suka gani shi ne, waɗanda daga baya gigi ya kama su sun fi sauran saurin ramewa tun kafin a tabbatar da cutar a jikinsu. A wannan shekarar kuma aka ba da rahoton irin wannan sakamako a kan mutanen Indianapolis. Abincin mutanen biyu daban, arzikinsu daban, yanayin ƙasarsu daban, amma sikeli ya faɗi magana ɗaya.

A nan Arewa ma an taɓa batun. A shekarar 2006 aka wallafa wani bincike da aka yi a Jos a kan tsofaffi 280, inda aka sami alamun gigi a jikin kashi 6.4 cikin ɗari, aka kuma lura cewa ramammu daga cikinsu sun ninka sauran fiye da sau uku wajen yiwuwar samun larurar. A Zariya kuwa, cikin ƙasar Hausa sosai, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello sun duba tsofaffi 322 a gidajensu, suka ba da rahoto a 2011 cewa kusan mutum uku cikin kowane ɗari na da gigin tsufa. Uku cikin ɗari kamar ba yawa, amma ka ƙidaya tsofaffin da ke ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, za ka ga gidajen da abin ya shafa ba kaɗan ba ne.

Wace ta riga, ramar ko cutar?

A nan ne ɗalibin kimiyya zai ɗaga hannu ya yi tambaya, kuma tambayarsa tana kan hanya. Ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Shin ramar ce ke jawo gigi, ko kuwa gigin ne ke jawo rama? Binciken da aka yi a rana ɗaya, irin na Jos, ba zai iya raba gardamar ba. Sai an bi mutane na shekaru da yawa, ana aunawa ana rubutawa.

An yi hakan a tsibirin Hawayi, inda aka bi maza 1,890 'yan asalin Japan, aka auna su sau shida tsakanin 1965 da 1999. A cikin shekaru 26 na farko babu wani bambancin nauyi tsakanin waɗanda daga baya suka sami gigi da waɗanda ba su samu ba. Sai a shekaru shida na ƙarshe hanya ta rabu, masu shirin kamuwa suka fara zubewa fiye da sa'o'insu. A Landan kuma an bi ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 har tsawon shekara 28. Rahoton da ya fito a 2018 ya nuna cewa waɗanda suka sami gigi sun fi sauran ƙiba a tsakiyar rayuwarsu, amma kimanin shekara takwas kafin a gano cutar sai nauyinsu ya faɗo ƙasa da na sauran. Haka nan masu bincike na asibitin Mayo a Amurka sun ba da rahoto a 2016 cewa asarar kilo 5 a kowace shekara goma, daga tsakiyar rayuwa zuwa tsufa, tana tafiya da ƙarin kashi 24 cikin ɗari na yiwuwar samun raunin tunani.

Idan aka haɗa waɗannan sakamako wuri ɗaya, fahimtar da mafi yawan masana suka yi ita ce, a lokuta da dama cutar ce ke fara aiki a ɓoye, ramar kuma tana cikin alamominta na farko. Kamar gara ce a cikin azara: kafin rufi ya rufta, mai lura zai fara ganin ɗan garin ƙasa yana zubowa. An san cewa gurɓatattun sinadaran da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai cutar Alzheimer suna fara taruwa ne shekara goma zuwa ashirin kafin mantuwa ta bayyana. A cikin wannan dogon shiru ne jiki ke fara ba da labari.

Me ya haɗa ƙwaƙwalwa da kwanon tuwo?

Muna zaton ciki ne ke jin yunwa, alhali ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarni. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke kula da yunwa da ƙoshi da ƙishirwa, kuma cutar tana iya taɓa shi. Bugu da ƙari, sassan da ke fassara ƙanshi suna cikin waɗanda cutar Alzheimer ke fara ɓatawa. Kowa ya san yadda abinci ke zama salam idan mura ta toshe hanci. To, ka ɗauka tsohon da ya daina jin ƙanshin daddawa a miyar kuka, ko na man shanu a kan tuwo, ba na kwana uku ba, na shekaru. Ba zai ce ba ya jin ƙanshi ba, cewa zai yi miyar yanzu ba ta da daɗi, ya yi loma uku ya ture kwano.

Sai kuma mutuwar zuciya, wadda ke zuwa da wuri a wannan cuta, inda mutum ke daina damuwa da abubuwan da a da yake so. Ga kuma wahalar tsara aiki. Girki a wurinmu ba ƙaramin lissafi ba ne: a yi surfe, a kai niƙa, a tankaɗe, a hura wuta, a san lokacin talge da lokacin tuƙi. Tsohuwar da ke girka wa kanta, idan wannan jerin ya fara rikice mata, ba za ta yi shela ba. Za ta koma jiƙa gari ko shan koko, wata rana ma ta manta ba ta ci ba. Idan cutar ta yi nisa sai a sami yawan zirga-zirga da ke ƙone ƙarfin jiki, daga ƙarshe kuma haɗiya ta yi wuya.

Kada mu manta ita ma ramar tana mayar da martani. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin ɗari na kuzarin da jiki ke ƙonawa. Tsohon da ba ya cin isasshen abinci tsokarsa na narkewa, ƙafarsa na rauni, sai ya daina zuwa kasuwa da majalisa, ya koma zaman ɗaki. Kaɗaici da rashin motsa jiki kuwa su ma suna cikin abubuwan da ke ƙara dusashe tunani. Ka ga abin ya zama zobe, kowanne na tura ɗan'uwansa.

Ƙiba ma ba mafita ba ce

Wani zai ce, tunda haka ne sai mu yi ta tara teɓa tun da ƙuruciya. Wannan kuskure ne babba. A al'adarmu ana kallon tumbi a matsayin alamar hutu da wadata, har a riƙa yi wa mutum barka idan ya yi wuya. Amma binciken Landan da na ambata ya nuna cewa ƙiba mai yawa a shekara 50 tana ƙara haɗarin gigi a gaba. Dalili kuwa a fili yake: ƙiba na tafiya da hawan jini da ciwon suga, su kuma suna lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini. A shekarar 2024 wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya lissafa abubuwa 14 waɗanda idan aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na gigin tsufa. Cikinsu akwai ƙiba a tsakiyar rayuwa, da hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da raunin ji, da raunin gani, da kaɗaici, da ƙarancin ilimi tun yarinta.

Har a cikin tsufa, hauhawar nauyi farat ɗaya ba abin murna ba ne. A Koriya ta Kudu an bi mutum 67,219 'yan shekara 60 zuwa 79, rahoton 2019 kuma ya nuna cewa waɗanda nauyinsu ya sauya da yawa cikin shekara biyu, ko sama ko ƙasa, sun fi waɗanda nasu ya daidaita shiga haɗari. Wani lokaci ma abin da ake gani kamar ƙiba kumburi ne daga ciwon zuciya ko na ƙoda. A taƙaice, magidanci ɗan shekara arba'in ko hamsin ya ji tsoron tumbi, dattijo ɗan saba'in kuma a ji masa tsoron rama. Abin nema a kowane mataki shi ne daidaito.

Masu ja da wannan magana

Na san akwai masu cewa wannan duk zancen 'yan boko ne, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa.

Na farko zai ce: a ƙasar da ruwan sama bai da yawa, inda rumbu kan ƙare tun kafin gero ya nuna, ramar tsoho yunwa ce kawai. Wannan gaskiya ce da ba mai musunta. A duk yankin Sahel manya kan rame a tsakiyar damina, lokacin da aikin noma ya yi yawa hatsi kuma ya yi tsada, sannan su murmure da kaka. Mun kuma san dattawan da ke tura kwanonsu gaban jikoki su ce sun ƙoshi. Amma wannan hujja ce ta a yi awo, ba ta a bari ba. Ramar yunwa tana tafiya da lokaci, idan kaka ta yi sai jiki ya dawo. Wadda ke ba da tsoro ita ce wadda ba ta dawowa: an ci tumu, an kai amfanin gona gida, kowa ya murmure, amma Baba na nan yana ƙara zubewa. Ba yadda za a bambanta su sai da rubutaccen awo, a kwatanta kakar bana da kakar bara, bazarar bana da bazarar bara. Idan kuma awon ya nuna yunwa ce, ai ita ma abin a sani ce a yi maganinta.

Na biyu zai ce: rama tana da dalilai barkatai, don me za a tsorata mutane da gigi? Wannan ma daidai ne, kuma ina so mai karatu ya riƙe shi da kyau. Yawancin tsofaffin da suka rame ba gigi ne ke damunsu ba. Ciwon suga na ramar da mutum, haka tarin fuka, da ciwon daji, da cututtukan ciki, da matsalar maƙoƙo, da ciwon damuwa, musamman bayan rasuwar miji ko mata. Wani lokaci ma haƙora ne suka zube, ba ya iya tauna abin da ake ba shi. Sikeli ba ya faɗin sunan cuta, yana dai buga ƙararrawa ne a je a duba. Da yawa daga cikin cututtukan nan ana warkewa ko a sami sauƙi idan an gano su da wuri.

Na uku zai ce: tunda gigin tsufa ba shi da maganin warkewa, mene ne amfanin sani da wuri? Gaskiya ne har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da cutar Alzheimer ba. Amma akwai larurorin da ke kama da gigi waɗanda ake magancewa, irin su ƙarancin sinadarin bitamin B12, da raunin aikin maƙoƙo, da ciwon damuwa. Ko da gigin ne na gaske, shawo kan hawan jini da ciwon suga, da gyara ji da gani, da ciyarwa mai kyau, suna taimaka wa mutum ya daɗe a kan ƙafafunsa. Sanin da wuri yana ba dattijo damar ya faɗi basussukan da ke kansa da waɗanda yake bi, ya nuna iyakokin gonakinsa, ya bar wasiyya da hankalinsa, kafin 'ya'ya su kai juna gaban alƙali. Mafi girma duka, yana kare mutuncinsa. Sau nawa muka ji an kama wata tsohuwa tana yawo da dare a garin da ba nata ba, tana sambatu, aka taru a kanta ana cewa mayya ce? Sau nawa aka ɗaure dattijo a ɗaki aka ce aljanu ne ko sammu? Iyalin da suka san cewa cuta ce ba za su bari a wulaƙanta mahaifiyarsu ba.

Yadda za a yi awon

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: sikelin tsayawa guda ɗaya, da tef irin na tela, da littafi. A auna tsoho sau ɗaya a wata, ko aƙalla sau huɗu a shekara, da safe, ba takalmi, ba babbar riga, kuma a kan sikeli guda kullum, domin sikeli ma suna saɓa wa juna. A rubuta kwanan wata, a kuma rubuta idan watan azumi ne ko ya yi jinya.

Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, idan mutum ya rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara ɗaya ba da niyya ba, to a bincika. Ga mai kilo 60, kilo 3 ke nan kacal, abin da ido ba zai gani ba a cikin riga. Jagoran kula da tsofaffi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya sa ma'aikacin lafiya ya yi tambaya biyu: ko mutum ya rasa fiye da kilo 3 cikin wata uku, da kuma ko cin abincinsa ya ragu. Ɗalibai za su iya ƙarawa da lissafin nauyi da tsawo, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da BMI. A ninka tsawon mutum na mita da kansa, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Alal misali, dattijo mai tsawon mita 1.65: idan aka ninka za a sami 2.72. In nauyinsa kilo 58 ne, amsa 21.3 ce, yana cikin daidai. In ya sauko kilo 50, amsa ta zama 18.4, ya faɗo ƙasa da 18.5, wato iyakar rama. Wanda ba ya iya tsayawa kuwa sai a zagaya tef a inda sha-raɓarsa ta fi kauri. Ƙasa da santimita 31 alama ce ta narkewar tsoka.

Idan awo ya nuna raguwa, a kai shi asibitin da ke kusa, ko Babban Asibitin Gumel, a tafi da littafin. A gaya wa likita duk wani sauyin hali da aka gani: maimaita tambaya, ɓatan hanya, saurin fushi, zargin an sace masa kaya. A gida kuma a gyara ciyarwa. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi tuwo tuli guda. Ƙasarmu ba ta rasa abin da ke gina jiki ba: kunun gyaɗa, fura da nono, alala, faten wake, miyar riɗi, zogale da ƙuli-ƙuli dakakke, ƙwai idan an samu. A tausasa wa marar haƙora. A riƙa miƙa ruwa ko bai nema ba, musamman da bazara, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. Sannan a zauna a ci tare da shi. Tsohon da aka miƙa wa kwano ta bakin ƙofa aka juya, ba wanda ya san ko shi ya ci ko kaji.

Kira ga ɗalibai da malamai

Da rani samari kan tafi ci-rani Kano da Kudu, magidanta na kasuwa, waɗanda suka fi zama kusa da kakanni su ne 'yan makaranta. Kai ne ake aika wa da kwano ɗakin Kaka, kai ne ke ɗauko shi. Saboda haka kai ne farkon wanda zai san ko kwanon na dawowa da saura. Wannan lura ita ce matakin farko na kimiyya, rubuta ta kuma shi ne na biyu.

Ina ba malaman kimiyya da na lissafi na makarantun sakandaren Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar shawara su mayar da wannan aikin aji. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta ta sayi sikeli guda, kowane ɗalibi ya nemi izinin kakansa ko kakarsa cikin ladabi, a auna kowane zango, a zana jadawali. Ɗalibi zai koyi kaso cikin ɗari da zanen jadawali a kan mutumin da yake ƙauna, ba a kan lemon da ke cikin littafi ba. Sai dai a kiyaye abu biyu: sakamakon awo sirrin mai shi ne, kuma ɗalibi ba likita ba ne, aikinsa ya sanar da manya. Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel, wadda ke horar da malaman gobe, za ta iya sa wannan cikin ayyukan ɗalibanta.

Ga hukumomin lafiya kuwa, roƙona shi ne a yi wa tsofaffi katin awo kamar na jarirai, a ware musu rana guda a wata a ƙananan asibitocin mazaɓu, a auna nauyi da bugun jini, a yi 'yan tambayoyin gwada tunani. Sikelin da ake auna masu ciki da shi yana nan, ma'aikatan suna nan. Hakimai da dagatai da limamai kuma su taimaka da faɗakarwa, domin dattijon da ba zai saurari jikansa ba zai saurari liman.

Kammalawa

Na fara da dillalin kara, bari in rufe da shi. Idan makiyayi ya ga saniya na ci amma tana ramewa, ba ya cewa tsufa ce ya kwanta. Zai buɗe bakinta, ya duba kashinta, ya nemo malamin dabbobi, domin ya san ruwa ba ya tsami banza. Waɗanda suka goya mu suka ciyar da mu sun fi cancantar wannan lura. Ba kowace rama ce gigi ba, ba kuma kowane gigi ne ke farawa da rama ba, amma kilo ukun da aka gano da wuri na iya zama sanadin gano ciwon da ake warkewa, ko kuma ya ba iyali shekarun shiri kafin duhu ya shigo. Saboda haka, mai karatu, idan ka koma gida hutun nan, ka sayi ɗan littafi, ka rubuta sunan Kaka a bangonsa, ka sa kwanan wata a shafin farko. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu ma mu tsufa da hankalinmu.